Shekarar da Baba Babba Ya Dawo

Na koma gidan mahaifina bayan rasuwar mijina na fari, a shekarar da aka ce Nasara sun tafi sun bar mana ƙasarmu. Ina da ɗiya ɗaya a lokacin, tana koyon tafiya. Uwata ta riga ta rasu, matar da ta rage wa babana kuma idanunta sun yi rauni, don haka girkin gidan ya dawo hannuna.

Gidan sarki ne, amma kada a ɗauka wani babban abu. Ƙasar tamu ƙarama ce, a bakin kwarin Foga, tsakanin Gaya da iyakar Najeriya, wadda har lokacin muke kira ƙasar Ingilishi. Mai tafiya a ƙasa in ya shigo ta wannan gefe da safe, kafin la'asar ya fita ta wancan. Garinmu ne da 'yan ƙauyuka, da rugagen Fulani, da giginya, da gishiri. Gishirin shi ne arzikinmu. Da rani mata kan kankare ƙasar kwari, su tace ta cikin kwanduna, su dafa ruwan har ya kame, a naɗe cikin kaba a kai kasuwa. Kowace mai dafawa takan kawo wa sarki nasa rabon. Haka muka taso muka tarar.

Tarihin gidan a bakin gwaggona na ji shi, yayar su babana, wadda ita ma zaman gida take yi tun kafin a haife ni. Ba zama take yi ta ba da labari ba. Muna ɓarar gyaɗa ko tsince wake sai ta jefo magana, gobe ta ɗora wata a kai. A faɗarta, zamanin kakana ƙasar ta fi haka faɗi, garin yana da ganuwa, kuma ba ma bin kowa, sai dai a aika gaisuwa ga wanda ya fi ƙarfi a shekarar, yau Kabi, gobe wani. Sai Nasara iri biyu suka zo suka kafa duwatsu, iyakarsu ta ratsa tsakiyar ƙasar. Ƙauyukan da suka fi noma suka faɗa wajen Ingilishi. Kakana ya zauna wajen Faransi, saboda gishiri yana nan, kaburburan iyayensa ma suna nan. Suka kira abin da ya rage masa kanto, wato gunduma, suka ba shi gardi guda mai jar hula, wato dogarin gwamnati, suka ce daga yau kumandan, Nasaran da ke mulkin yankin, yake bi. Galadima da Ubandawaki suna nan da sunayensu, amma gardin ya fi su faɗa a ji.

Aikin sarki a ƙarƙashin Nasara bai da yawa, sai nauyi. Ya tara lanfo, wato kuɗin kai. Ya ba da maza in ana gyaran hanya, ya ba da samari in ana ɗaukar soja. In kumandan ya fito rangadi a tanadar masa kaji da ƙwai da madara da ciyawar doki. Shari'ar gona da ta aure da ta gado an bar masa, shi da liman, muddin ba a zubar da jini ba.

Da kakana ya rasu, babban ɗansa aka naɗa, wanda muke kira Baba Babba. Bai daɗe ba aka tuɓe shi. Dalilin ya danganta da wanda ka tambaya. Gwaggo ta ce an nemi maza aikin hanya ana tsakiyar noma, ya ce ba zai bayar ba sai an yi girbi. Uwata kuwa, Allah ya ji ƙanta, takan ce zafin rai ne kawai, gardi ya yi masa magana a tsaye ya wanke shi da mari gaban jama'a. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne a shekarar mutane da yawa sun kwashe iyalansu sun ƙetare iyaka, aka ce shi ya ba su ƙofa. Ya yi watanni a kaso, da aka sake shi bai kwana garin ba, ya ƙetare shi ma, ya zauna a ɗaya daga cikin tsofaffin ƙauyukan ubansa, yana noma da fataucin goro. Kumandan ya dubi sauran 'ya'yan, ya zaɓi autansu, wanda bai cika magana ba. Shi ne babana.

Babana ya yi sarauta da kalma ɗaya. Duk abin da kumandan ya ce, sai ya ce to. Daga nan sai abin ya yi ta jan ƙafa. In an nemi maza, ya aika rabi, ya ce sauran zazzaɓi ya kwantar da su. In aka matsa, ya cika. Ya tsara aikin hanya gida-gida, wanda ya tafi bana ba zai tafi baɗi ba, kuma a karon farko ya sa yayana, ɗansa na fari, cikin masu tafiya. Yayana ya dawo da tari, bai kai damina ba. Ina ƙarama lokacin, abin da na riƙe shi ne tabarmarsa da aka shanya a kan darni. Mutanen gari ba su yi wa babana son da ake wa jarumi ba. Suna zuwa gaishe shi, suna kawo ƙararsu, suna kuma tuna cewa Nasara ne ya naɗa shi da yayansa a raye.

Da aka samu 'yancin kai, ba abin da ya sake a garin nan take. An kawo sabuwar tuta, yaran lakwal, wato makaranta, suka yi waƙa, aka yanka sa. Kumandan ya zama baƙin mutum, amma sunan bai canza a bakinmu ba, sai daga baya aka koya mana cewa sufurfe. Sabon abu ɗaya shi ne jam'iyya. Shugabanta a garinmu wani tela ne da ya yi zaman Yamai, mai son taro da doguwar magana. Yakan zo gaishe da babana da takalmansa a hannu, ya fita ya ce a kasuwa zamanin sarakunan Nasara ya wuce.

Bayan girbi, ranar kasuwa da hantsi, kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya a bakin gari ya sauke wani dogon tsoho da matarsa da babban ɗansu da awaki. Na kawo wa babana fura a zaure ke nan sai na ji hayaniya tana matsowa. Tsohon ya cire takalmi a ƙofa, ya shigo, bai durƙusa ba. Fadawa suka dubi juna. Sarki ba ya tashi wa kowa daga kan buzunsa, amma babana ya dafa bango ya miƙe.

"Auta," in ji tsohon, "ka tsufa."

"Yaya, sannu da hanya."

"An ce waɗanda suka kore ni sun tafi. Na ce bari in zo in ga ko ɗakin uwarmu yana tsaye."

"Yana tsaye. An sake masa rufi."

Ban taɓa jin wani ya kira babana Auta ba, sai gwaggo, ita ma a cikin ɗaki. Baba Babba ya juyo ya dube ni da ƙwaryar a hannuna, ya tambaya ɗiyar wa ce. Aka faɗa masa. Ya karɓi furar ya sha kafin sarki.

Babana ya ba shi sashen gidan na gabas, mai ƙofarsa daban. Ya ce mini kwanonsu ɗaya, rana da dare. Haka aka yi. Kullum sukan ci tare, su biyu, ba mai zama kusa. Ina kai kwano ina ɗaukewa, kuma abin da nake ji suna magana a kai bai wuce ruwan sama da ciwon ƙafa da wanda ya mutu da wanda ya rage ba.

A waje ne abin ya fara. Tela ya gano cewa ga mutumin da ya ƙi Nasara ya dawo, ya shiga kawo masa baƙi. Akwai wata tsamiya a ƙofar gabas, Baba Babba yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashinta da safe. Da fari tsofaffin abokansa ke zama, sai samari suka ƙaru, sai masu ƙara. Wanda bai ji daɗin hukuncin zaure ba sai ya zagaya bayan gida ya kai tsamiya. Ba na tsammani Baba Babba ya dawo da niyyar karɓar sarauta. Amma mutum ne mai son a tambaye shi, kuma ba ya iya jin magana ya yi shiru. Da rani ya kama, wasu matan kwari suka kai masa rabon gishiri maimakon su kai zaure. Ya karɓa, ya sa musu albarka, ya aiko mini da shi madafa, ya ce ai nan ake yi masa miya. Gishirin duk tukunya ɗaya ya shiga, amma gari ya san wa aka kai wa.

Na taɓa yi wa babana maganar, ina shafa masa man kaɗe a ƙafa.

"Baba, mutane suna cewa sarki biyu gare mu."

"Ke kin ce haka?"

"A'a."

"To, bar su. Yayana ne. In na hana shi zama ƙarƙashin itace a garin ubansa, me na zama?"

Gwaggo kuwa ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta yi musu faɗa kamar yara. Kowa ya saurare ta da ladabi, ya fita ya ci gaba da abinsa.

Abin ya fashe ne a kan gonar rogo. Shanun wani Bafulatani, wanda rugarsa ta daɗe a ƙasarmu, suka shiga gonar wani mutumin gari suka yi ɓarna. Aka kawo ƙara zaure. Babana ya aika aka duba, ya ce a jira a ga abin da zai sake tohowa, sannan a san asarar. Mai gona ya ga an ja masa rai, ya zagaya tsamiya. Baba Babba ya ce ɓarna a fili take, a kama saniya ɗaya a riƙe har a biya shi. Samarin tela suka tafi ruga da igiya. Aka yi sanda, aka karya wa ɗan Bafulatanin hannu, aka fasa wa wani saurayi kai. Kafin mako ya zagayo rugagen ƙasarmu kusan duka sun tashi sun ƙetare iyaka da shanunsu. Nono ya ɓace a kasuwa. Na koma dama wa tsofaffin fura da ruwan tsamiya.

Jandarma suka zo suka tafi da waɗanda suka yi faɗan. Bayan wani lokaci saƙo ya zo cewa kumandan yana son ganin sarki da yayansa a Gaya, tare. Ƙafafun babana sun kumbura a lokacin, abincinsa kuma sai wanda ya san shi, don haka na bar ɗiyata wajen gwaggo na bi su. Muka shiga kamyon da ke kai gishiri, su biyu gaba kusa da direba, ni baya tare da mata 'yan kasuwa. Muka sauka gidan wani ɗan uwan uwata, mai fataucin goro da atamfa tsakanin Gaya da Dahome.

Washegari muka tafi biro, ofishin kumandan. Na zauna a baranda da butar babana. Ƙofar a buɗe take saboda zafi, duk abin da aka faɗa na ji. Kumandan saurayi ne, mutumin gabas, an ce da can malamin lakwal ne, Hausarsa ta Damagaram. Ya fito da kansa ya tarbe su, ya sa aka kawo musu kujeru. Daga baya babana ya ce mini duk shekarun da ya yi yana zuwa biron nan a tsaye yake magana.

Kumandan bai ɗaga murya ba. Ya ce ya ji labarin gona da na ruga, kuma ba don ya ɗora wa wani laifi ya kira su ba. Ya ce tun kafin wannan ana duba ƙananan kantoci a Yamai, waɗanda mutanensu ba su da yawa, tamu kuma tana ciki. Shi ya so a jinkirta, amma da Fulani suka tashi, ba shi da abin da zai riƙe. An yanke za a haɗa ƙasarmu da babban kanton da ke maƙwabtaka da mu. Babana zai zauna a matsayin maigari.

Baba Babba ya tashi tsaye.

"Ɗana, ka san wanda kake magana a kan ƙasarsa? Muna da ganuwa lokacin da garin da kake son mu bi yake zango. Nasara ya raba mu biyu, bai shafe mu ba. Ni ya ɗaure ni, ya kore ni, amma ya bar buzun. Kai da ka zo ka ce mu ɗaya ne, kai za ka naɗe shi?"

"Baba, na ji, kuma ban ƙaryata ka ba," in ji kumandan. "Amma in na bar buzun, wa zan ce yana kai? Mutanenku da kansu ba su sani ba."

Baba Babba ya koma ya zauna.

Kumandan ya juya wajen babana. "Sarki, ba ka ce komai ba."

"To," in ji babana. "Abu biyu nake roƙo. Kwarin gishiri a bar shi hannun garin, kada a ce mata su kai rabo wani wuri. Fulanin nan kuma a aika musu daga nan biro cewa su dawo, ba wanda zai taɓa su. In ni na aika ba za su yarda ba yanzu."

Kumandan ya ce na biyun zai yi da kansa, na farkon zai kai gaba, kuma yana ganin za a amince.

Da muka koma masauki na kawo musu tuwon rana. Ba wanda ya sa hannu. Ina tsaye bakin ƙofa ina jiran a ce in ɗauke.

"Auta, da bakinka ka ba da ƙasar ubanmu."

"Yaya, ba tambayata aka yi ba. Faɗa mini aka yi."

"Ko da haka. Mutum ya yi magana, a san an taɓa shi."

"Kai ka yi magana wancan karo. Ka tafi, masu ƙafa suka bi ka. Ni na zauna da waɗanda ba su iya tafiya ba. Hanyar da ka ce ba za a yi ba, an yi ta, ita muka biyo jiya. Ɗana yana cikin waɗanda suka yi ta." Babana ya gyara zaman ƙafarsa. "Tun da ka zo ba ka tambaye ni shi ba."

Baba Babba ya dubi kwanon. Can ya ce, "Labarin ya same ni a lokacin. Na yi niyyar aikowa, sai na ga kamar ba'a zai zama."

"Da ka aiko."

Shi ke nan maganar. Babana ya wanke hannu ya ce bismilla, yayansa ya bi shi. Da la'asar babana ya ce yana son ganin gadar da aka yi a kan kogi zuwa Dahome, bai taɓa ganinta ba. Mai masaukinmu ya samo mota aka kai su. Suka tsaya a bakinta suna kallon kamyoyi suna wucewa, suna gardama a kan ko za ta kai shekarun jikokinsu.

Abubuwan da suka biyo baya sun zo a hankali. Aka ɗauke gardi. Tutar da ke ƙofar gidanmu ta koma lakwal. Fulani suka dawo kafin damina, ban da mai shanun da aka yi rigimar a kansu. An bar mana gishiri. Baba Babba bai sake shimfiɗa tabarma a tsamiya ba, ya koma zama a zaure gefen ƙanensa, yana katse shi in ya ga hukunci ya yi sanyi, babana yana barinsa ya gama sannan ya faɗi nasa. Tela ya ga ba sarautar da za a ƙwace, ya rage zuwa, daga baya ya samu wani aiki a Doso ya tafi.

Abin da ya fi yi wa gidan zafi shi ne gaisuwar salla. Dole maigari ya je ya gaida sarkin kanto. Gwaggo ta ce kakan wannan sarkin ya taɓa aiko wa ubanta da kyauta yana neman zaman lafiya, ta rantse ita dai ba za ta ga fitarsu ba, ta shige ɗaki ta ja ƙofa. Ba wanda ya ce Baba Babba ya je, amma da safe sai ga shi da babbar riga, ya ce ƙafar Auta ba za ta iya hawa mota ba sai da mai riƙewa. Waɗanda suka raka su sun ce sarkin ya fito har ƙofar gida ya tarbe su, bai bari sun durƙusa ba. Baba Babba ya dawo yana cewa zauren nasu ƙarami ne, furarsu kuma ba ta ji yaji ba.

Baba Babba ya rasu da damina ta gaba, bayan ɗan gajeren zazzaɓi. Gwaggo ta bi shi ba da daɗewa ba. Ni kuma wani mai kamyo, abokin cinikin mai masaukinmu na Gaya, ya nemi aurena. Na ce sai an sami mai kula da babana. Matar ɗan Baba Babba ta ce ta ɗauka, na koya mata yadda yake son kununsa, sannan na tare a Gaya. Ina zuwa duba shi duk lokacin da motar mijina za ta ɗauko gishiri.

Babana ya yi shekaru yana maigari. Mutanen gari ba su daina ce masa sarki ba, shi kuma bai gyara musu ba. Da ya rasu, dattawa suka taru suka zaɓi ɗan Baba Babba, wanda ya zo tare da ubansa a kamyo. Sai aka tarar a ƙetare aka haife shi, ba shi da wata takarda ta wannan gefe. Ya zo Gaya ya sauka gidana, ya yi ta zirga-zirga biro da shaidu har aka tabbatar ɗan ƙasa ne, sannan aka naɗa shi. Mutum ne mai haƙuri, ya fi kama da babana a hali. Har ya tsufa in zai ce lakwal sai ya ce makarantar boko kamar yadda ake faɗa a ƙetare, yara suna yi masa dariya a ɓoye.